Ɗan Kuka Mai Jawo Wa Uwarsa Jifa: Laifin Yaro Da Alhakin Uba A Ƙasar Gwarzo Da Kabo

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san bishiyar kuka. Ita dai ba ta tsokanar kowa, tana tsaye wurin da Allah ya ajiye ta. Amma da 'ya'yanta sun ƙosa sai yara su taru da duwatsu da sanduna su yi ta jifa. 'Ya'yan a ke nufi, uwar ke shan rauni. Daga nan ne Hausawa suka sami karin maganar nan da su ke cewa ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

To, ga wata mas'ala, mai karatu, ka auna ta da kanka. A ce wani yaro ɗan shekara 11 a wani ƙauye na ƙasar Kabo ya fita farautar gafiya da kaka. Ya cinna wuta a bakin rami don hayaƙi ya koro ta, sai iska ta kwashi wutar ta kai ta ga damman dawar wani mutum da aka jibge a gona ba a riga an kai rumbu ba. Kafin mutane su kawo gudummawa dami arba'in ya zama toka, watau abincin gida guda na watanni. Wa zai biya? In ka tambayi mutum goma a bakin kasuwa, tara za su ce uban yaron. In yaron ya tsorata ya gudu, waɗansu ma za su ce a kama uban a tsare har ɗan ya fito. Shin haka shari'a ta ce? Haka dokar Gwamnati ta ce? In kuwa ba su ce haka ba, ina mutane suka samo wannan magana?

Amsar tana da tarihi mai tsawo, gama al'ada da shari'ar Musulunci da dokar Turawa duk sun bi ta kan wannan ƙasa, kowace kuwa ta bar sawunta.

ZAMANIN GANDU

Gwarzo tana yamma da birnin Kano, tafiyar kamar kilomita 70, watau wajen mil 44, kusa da iyakar ƙasar Katsina. Kabo tana tsakaninta da birni. Ƙasa ce ta manoma, masu dawa da gero da gyaɗa da auduga, ga Filani da shanunsu, ga kuma Maguzawa a ƙauyukansu tun da daɗewa. Garuruwa irin su Getso da Kutama da Godiya da Garo duk a wannan yanki su ke.

A zaman mutanen da, gida ba na mutum ɗaya da matarsa ba ne. Gandu a ke yi. Uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, gona ɗaya su ke nomawa, rumbu ɗaya su ke ci. Ɗa ba shi da abin kansa sai 'yar gayaunar da uban ya yanka masa, wadda ya ke nomawa da yamma ko ran da ba a fita gandu ba. Shi kuwa mai gida shi ke da nauyin ciyarwa, shi ke sayen fartanya da garma, shi ke yi wa ɗa auren fari, shi ke biya masa kuɗin ƙasa. To, in ɗan ya yi ɓarna aka ce a biya, daga wane rumbu za a ɗebo? Ai babu wani sai na gandu. Saboda haka uba ya ke biya, domin dukiyar gidan duka a hannunsa ta ke, gumin yaron kuma a cikinta ya ke.

Ban da wannan akwai kunya. Mutum ya fi son ya sayar da akuyarsa da a ji sunan gidansa a zauren dagaci. Yawancin irin waɗannan rigingimu a gaban mai unguwa su ke ƙarewa. A tura dattawa biyu ko uku su duba ɓarnar, su ƙimanta ta da dami, mai gida ya biya ko ya roƙi rangwame, a yi wa yaro bulala a gaban wanda aka yi wa laifi, a yi addu'a a watse. Lokacin nan ɗa na kowa ne, kowane babba ya ga yaro yana ɓarna yana da ikon tsawata masa, uban kuma godiya zai yi.

Wannan shi ne asalin maganar da mutane ke yi har yanzu, cewa uba ke biya. Al'ada ce da ta dace da zamaninta. Sai dai malaman shari'a sun yi wa mas'alar wani duba dabam.

ABIN DA LITTATTAFAN MALIKIYYA SUKA CE

Musulunci ya kafu a fadar Kano tun zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, ya ƙara ƙarfi zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, lokacin da Shaihu Magili ya zo. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, alƙalan ƙasar Kano da mazhabar Imamu Malik su ke hukunci. Littattafan da ke gabansu su ne Muwaɗɗa, da Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, da Muhtasar na Shaihu Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim.

Tushen hukuncin a cikin Alƙur'ani ya ke. An maimaita a surori da dama, kamar An'am da Isra'i da Faɗir, cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Ka tuna kuma da ƙissar Annabi Yusufu. Sa'ad da aka sami ma'aunin sarki a cikin kayan ƙanensa, 'yan'uwansa suka roƙa a riƙe ɗaya daga cikinsu a madadinsa, saboda tausayin ubansu tsoho. Annabi Yusufu ya ƙi, ya nuna musu cewa kama wanda ba a sami kayan a wurinsa ba zalunci ne. Wannan ƙissa kaɗai ta isa ta amsa wa masu cewa a tsare uba har ɗa ya fito.

Sa'an nan shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga. Ana gane balaga da alamominta, in kuwa ba su bayyana ba, mashhurin zance a Malikiyya shi ne cikar shekara 18. Yaron da bai balaga ba, ba a yi masa haddi, ba a yi masa ƙisasi. In ya yi sata a karɓe kayan a mayar wa mai su, in yana da wayo a ladabtar da shi gwargwadon abin da alƙali ya gani.

Amma ɗauke haddi bai ɗauke haƙƙin mutane ba. In yaro ya lalata dukiyar wani, biyan yana cikin dukiyar yaron kansa. In yana da gādon uwa, ko 'yar tunkiyar da aka ba shi ran suna ta hayayyafa, daga nan waliyyinsa zai fitar. In ba shi da kome, bashin yana wuyansa har ran da ya samu. Ba a tilasta wa uba ya biya daga aljihunsa don kawai shi ya haife shi. Akwai ma wani hukunci a Muhtasar da ya kamata 'yan kasuwa su sani: wanda ya ba yaro ajiya, ko ya ba shi rance, ko ya sayar masa da kaya bashi, yaron ya salwantar, ba shi da abin bi, domin shi ya miƙa dukiyarsa ga wanda bai isa riƙo ba.

Jini kuwa hukuncinsa dabam ne. Risala ta bayyana cewa gangancin yaro daidai ya ke da kuskure. Watau ko da yaro ya ɗauki sanda da nufi ya bugi ɗan'uwansa ya mutu, diyya za a biya, ba za a kashe shi ba. Cikakkiyar diyyar namiji Musulmi raƙumi 100 ce ga masu raƙuma, ko dinari 1,000 ga masu zinariya, ko dirhami 12,000 ga masu azurfa. Dinari dubu ya haura kilo 4 na zinariya. Wane manomi ne a Getso ko Garo zai iya ɗaukar wannan shi kaɗai? Shi ya sa shari'a ta ɗora ta a kan aƙila, watau dangin yaron maza na wajen uba, baligai masu hali: uba, da baffanni, da 'ya'yan baffanni, har a kai ga dangi na nesa. Kowa a yanka masa gwargwadon ƙarfinsa, ba a sa wa mace ko yaro ko matalauci, a kuma raba biyan cikin shekara uku. In babu dangi sai Baitulmali ya ɗauka. In raunin bai kai sulusin diyya ba, aƙila ba ta ɗauka, ya koma cikin dukiyar yaron.

Ka lura da hikimar da ke nan. Uba yana biya, amma a matsayin ɗaya daga cikin dangi, kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwansa. Taimakon juna ne aka wajabta don kada jinin mutum ya tafi banza, kada kuma gida ɗaya ya rushe.

Akwai wuraren da uba ke shiga da laifin kansa. Shaihu Halil ya ambaci uba ko malami da ya umurci ƙaramin yaro ya kashe wani: ƙisasi yana kan wanda ya yi umurnin, domin yaron kamar wuƙa ce a hannunsa. Haka nan ɓarnar dabbobi, wadda ita ce rigimar da ta fi yawa tsakanin manoma da makiyaya a yammacin Kano. Tun shari'ar taguwar Bara'u ɗan Azibu, wadda ta shiga gonar wani a Madina, hukunci ya tabbata cewa abin da dabbobi suka ɓata da dare yana kan mai su. Da rana kuwa, in an sake su kusa da gonaki ko akwai makiyayi tare da su, ba a rasa wanda zai biya. Saboda haka mai shanun da ya bar garke a hannun ɗan shekara takwas a tsakiyar gonaki ba zai ce ba ruwansa ba.

A Muwaɗɗa kuma akwai labarin bayin Haɗibu, waɗanda suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Halifa Umaru ya fara ba da umurnin a yanke musu hannu, sa'an nan ya lura ubangijinsu yana barinsu da yunwa. Sai ya fasa, ya sa Haɗibu ya biya dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. Imamu Malik ya ce ba a aiki da ninkawar, amma darasin ya zauna: wanda ya bar na ƙarƙashinsa da yunwa, in suka yi sata, yana da rabo a cikin tambayar.

Wani abu kuma da Malikiyya suka keɓanta da shi, ana karɓar shaidar yara a kan junansu a sha'anin rauni, muddin ba su watse ba, babba kuma bai shiga tsakaninsu ya koya musu magana ba. Wanda ya san yadda dambe da kokawar yara ke ƙarewa a dandali ya san amfanin wannan.

ZUWAN TURAWA DA MULKIN EN'E

Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903. Gwamna Lugga ya bar alƙalai da littattafansu, sai dai ya hana yanke hannu, ya kuma ce ba a zartar da hukuncin kisa sai da yardar Razdan. Wajen 1908 aka fitar da hakimai daga birni, kowa ya koma ya zauna a gundumarsa, aka bi su da alƙalai. Gwarzo ta zama mazaunin Sarkin Dawaki Mai Tuta, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Ƙaramar shari'a ta tsaya a gaban alƙalin gunduma, shari'ar jini kuwa sai a majalisar Sarki a birni. Takardun majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 suna nan, an buga su cikin littafi, mai dubawa zai ga yadda a ke yanke diyya a wancan zamani.

Amma mulkin En'e tsani ne na alhaki. Razdan ya tambayi Sarki, Sarki ya tambayi hakimi, hakimi ya tambayi dagaci, dagaci ya tambayi mai unguwa, mai unguwa ya tambayi mai gida. Kowa a kan na ƙasa da shi ya ke sauke nauyi. Ran karɓar haraji ba a neman saurayi, mai gidansa a ke nema. In an yi sata aka bi sawu ya shiga wani gari, mutanen garin su fitar da sawun ko su fitar da ɓarawo. Turawa da kansu sun yi doka a 1915 wadda ta ba Gwamna ikon cin gari guda tara saboda laifin waɗansu daga cikinsu. A irin wannan tsari, in ɗan doka ko dogari ya zo neman yaro bai same shi ba, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya tasa uban gaba. Ba wani littafin fiƙihu da ya ba shi wannan iko. Sauƙin aiki ne ya zama al'ada, talakawa kuma suka ɗauka doka ce, domin ba su da hanyar karanta dokar da kansu.

DOKOKIN 1958 DA 1960

A Ingila an yi wata doka ta yara a 1908, aka sabunta ta a 1933. Daga cikinta aka tsamo dokar yara da matasa ta Ikko a 1943. Jihar Arewa ta yi tata a 1958, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A nan ne aka fara rubuta alhakin uba a kan takarda da sharuɗɗansa. In an kawo yaro gaban kotu, a kira uba ko mai riƙonsa ya halarta. In an sami yaron da laifi, kotu tana iya sa uban ya biya tarar, ko kuɗin ɓarnar, ko kuɗin shari'a. Amma akwai ƙofar fita: in ya tabbata uban bai taimaka wa laifin da sakacinsa ba, ba a ɗora masa. Ba a kuma yanke masa biya sai an ba shi dama ya faɗi ta bakinsa. Kotu tana iya sa shi ya ɗauki alkawari da kuɗi cewa ɗan zai kiyaye halinsa nan gaba.

Dokar nan ta 1958 tana da wani sashe da ya ta da ƙura. Shekarun nan siyasa ta yi zafi a ƙasar Kano tsakanin NPC da NEPU, wadda aka kafa a birni ran 8 ga Agusta, 1950. Yara su ke cika wurin lacca, su ke rera waƙoƙin zambo, wani lokaci su ke fara jifa. Sai dokar ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, ta kuma sa hukunci a kan babban da ya zuga su. Aka kai ƙara Babbar Kotun Arewa a 1960, a shari'ar da aka sani da sunan Ceranci, wata unguwa a birnin Kano, ana cewa dokar ta tauye 'yancin da tsarin mulki ya bayar. Kotu ta ce dokar ta tsaya, domin kare yara da zaman lafiya hujja ce karɓaɓɓiya.

A 1958 ɗin kuma Gwamnatin Arewa ta gayyato masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, su ba da shawara kan yadda za a daidaita shari'ar laifuffuka kafin mulkin kai. Daga shawararsu aka sami kundin da mutane ke kira Final Kod, wanda ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, kwana ɗaya kafin mulkin kai. An kwaikwayo shi daga na Sudan, na Sudan kuwa daga na Indiya na 1860. Sashe na 50 ya ce abin da yaro ya aikata kafin ya cika shekara 7 ba laifi ba ne ko kaɗan. Daga 7 zuwa 12 kuwa, sai in an tabbatar hankalinsa ya kai ya gane abin da ya ke yi da abin da zai haifar. Kundin bai ce a hukunta uba don laifin ɗa ba. Amma ya tanadi hukunci ga wanda ya zuga wani ya yi laifi, da wanda ya karɓi kayan sata yana sane, da wanda ya ɓoye mai laifi, da wanda ya yar da ƙaramin yaro ko ya wulaƙanta shi. Uban da ya ga ɗansa ya shigo da keken da bai san asalinsa ba, ya tura shi ɗaki ya rufe, ya shiga da ƙafarsa. Manyan yaran da suka gagara kuwa aka buɗe musu gidan horo na Bostal a Kakuri, Kaduna, a 1962.

BAYAN EN'E

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. A 1968 aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin Gwamnatin Jiha. A 1976 aka kawo tsarin ƙananan hukumomi, En'e ta kau, Gwarzo ta zama ƙaramar hukuma, daga baya Kabo ma ta sami tata. Gandu kuma ya yi ta raguwa. Gonaki sun tsattsage da rabon gādo, samari suna tafiya cin rani birni ko Kudu, da yawa kuma suna da kuɗin kansu tun ba su yi aure ba. Uban da a da ya ke riƙe da rumbu da fartanya, yau wani lokaci bai san inda ɗansa ya kwana ba.

A shekara ta 2000 Jihar Kano ta kafa kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci, hukuncin ƙisasi da diyya ya dawo a rubuce, ba a kuma yi wa wanda bai balaga ba haddi. A 2003 aka yi dokar Hisba, a shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara, wadda ta maimaita ikon kotu na sa uba ya biya in sakacinsa ya taimaka. Kano ta yi tata dokar kare yara a 2023. Dokar ilmin farko ta 2004 ta juyo kan uba kai tsaye: wanda ya ƙi sa ɗansa makaranta, karon farko gargaɗi, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka Naira 5,000 ko wata biyu. A Fabrairun 2020 Gwamnatin Kano ta hana bara a titi, ta ce za ta kai iyayen yaran da aka kama kotu.

Tsohuwar al'adar kama uba a madadin ɗa kuwa, yanzu an hana ta da sunanta. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ya hana kama wani a madadin wanda a ke zargi, Kano ta yi irin wannan doka a 2019, sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya sake nanatawa. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ita ma ta ce hukunci a kan mai laifi kaɗai ya ke sauka. Abin da Annabi Yusufu ya ƙi yi a Masar, ga shi dokar ƙasa ta zo ta hana.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Ba mu kaɗai muka sha fama da wannan tambaya ba. A dokokin Hamurabi, Sarkin Babila, kusan shekara 3,800 da suka wuce, in magini ya gina gida ya rushe ya kashe ɗan mai gidan, ɗan maginin a ke kashewa. Can ɗa ne ke mutuwa don laifin uba. Faransa kuwa, a kundinta na 1804, ta ce iyaye su ke biyan ɓarnar 'ya'yansu ƙanana da ke zaune tare da su. Ƙasar Nijar ta gāji wannan kundi, saboda haka Bahaushen Maraɗi da Bahaushen Gwarzo, yare ɗaya, addini ɗaya, amma takardar da ke gaban joji ba ɗaya ba ce. Dokar Ingilishi ta gargajiya ta fi kusa da ta Malikiyya a nan: haihuwa kaɗai ba ta sa uba biya, sai an nuna sakacinsa ko umurninsa.

A Amurka, ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani yaro ɗan shekara 15 ya harbe 'yan makarantarsu huɗu a Jihar Mishigan. Iyayensa ne suka saya masa bindigar kwanaki kaɗan kafin nan, ba su kulle ta ba, ran da abin ya faru kuma malamai sun kira su sun nuna musu alamun damuwa a takardar yaron, suka ƙi tafiya da shi gida. A 2024 kotu ta sami uban da uwar da laifin kisa ba da nufi ba, aka ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15. Ko a nan, da abin da hannunsu ya yi da abin da suka ƙi yi aka kama su.

MU KOMA GA DAMMAN DAWA

To, wa zai biya dami arba'in? A shari'a, bashin yana kan yaron, a cikin abin da ya mallaka ko zai mallaka. A dokar Gwamnati, za a fara duba ko ɗan shekara 11 ya san abin da wuta ke yi da kaka, sa'an nan a tambayi uban. In shi ya aike shi da ashana, ko an sha kawo masa ƙara ya yi kunnen ƙashi, zai biya. In kuwa ya yi iyakar tsaronsa, kotu ba ta da hanyar ɗora masa. Tsare shi don ɗan ya gudu haramun ne a shari'a, laifi ne a doka.

Sai dai abu guda, ya kai mai karatu, tun da Allah ya sa ka iya karatu. In an kama ɗanka ka je belinsa, karanta takardar kafin ka sa hannu. Ran da ka sa hannu ka ɗauki alkawarin kawo shi kotu, in ya gudu kuɗin da aka rubuta a kanka su ke. Wannan nauyi kai ka ɗauka da alƙalaminka.

Ban ce uba ya tsaya a kan iyakar abin da doka ta tilasta masa ba. Maƙwabcin da abincinsa ya ƙone maƙwabci ne har gobe, 'ya'yansa da naka rijiya ɗaya za su sha. Dattijon da ya buɗe rumbunsa ya auna masa abin da ya sawwaƙa, alhali ba alƙalin da ya sa shi, ya sayi zaman lafiyar gidansa da araha, ya kuma koya wa ɗansa darasin da bulala ba ta koyarwa. Bambancin kawai, ya san kyautatawa ya ke yi, kada wani ya tsorata shi da dokar da babu ita.

Abin da ya fi duka sauƙi shi ne a tanƙwara icce tun yana ɗanye. Ka san abokan ɗanka, ka san inda ya ke kwana, ka tambayi asalin abin da ya shigo da shi gida. In ka kai shi karatun allo wani gari, ka bi shi da guzuri, ka riƙa leƙa shi, ka tuna da tambayar da Halifa Umaru ya yi wa Haɗibu. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su zama sanyin idanunmu, amin.